Amsoshin Tambayoyi: Kafin Ki Biya Kuɗin Kwas Ɗin Rubutun Bayanin Fasaha

Tambaya: Na gama digiri a Turanci, na yi hidimar ƙasa, shekara biyu ke nan ina zaune a gida. An ce in koyi rubutun bayanin fasaha, amma ban iya haɗa manhaja ba. Ina tsoron ɓata lokaci. (Wata 'yar'uwa daga Zariya)

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Kin taɓa zaro 'yar takardar nan da ke cikin kwalin maganin tari na yara, mai faɗin mililita nawa za a ba ɗan shekara biyu? Wani ne ya zauna ya rubuta ta, kuma ran yaro na iya rataye a kan layi ɗaya nata. Aikin ke nan. Haka littafin injin niƙa, da na inbatar sola, da bayanin manhajar banki. Ba injiniya ake so ki zama ba. Ana son mai zama kusa da injiniya ta yi ta tambaya ba kunya har ta gane, sannan ta rubuta yadda mai saye zai gane tun karatun farko. Ga illar rashin bayani a sarari: a 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter domin wani ɓangare na masu aikin ya yi lissafi da awon fam, ɗaya kuma da awon mita. Masu gyaran jirgin sama ma tun 1986 suke da sassauƙan Turancinsu na aiki, inda jimlar umarni ba ta wuce kalma 20. Digirinki zai yi miki rana.

Tambaya: Dole sai na sayi MacBook, kwamfutar kamfanin Apple? (Daga Kano)

Amsa: A'a. Rubutu za ka yi. Kwamfutar tafi-da-gidanka wadda aka taɓa amfani da ita, HP ko Lenovo, mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8GB da SSD (ma'ajiya mai sauri) ta wadatar. In ka je kasuwar Farm Centre, ka sa a zare caja ka ga tsawon lokacin da batir zai riƙe, ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, ka karɓi rasit. Ragowar kuɗin ka sa data.

Tambaya: Na ga tallan kwas a WhatsApp, Naira 80,000, sati biyu, da satifiket, sun ce za a fara samun dala. In biya? (Wata uwa da ke son saya wa 'yarta)

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki biya tukuna. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin iyaye ne ke sayar da akuya ko su karya adashi, a ƙarshe a turo wa yaro hoton satifiket mai tambarin zinare da babu kamfanin da ya san shi. Wanda ya ce sati biyu za a fara kwasar dala, ki tambaye shi abu ɗaya: ya nuna miki bayanin da shi kansa ya rubuta wanda mutane ke amfani da shi. Yawancinsu a nan suke yin shiru, ko su ce gurbi ya kusa cika, ki yi sauri. Wannan saurin kuwa aljihunki yake hari.

Abin takaicin, darussan da suke sayarwa sau da yawa kyauta ne. Google na da kwasa-kwasan rubutun fasaha a intanet, ba a biyan ko kwabo. Ƙungiyar Write the Docs tana da jagora kyauta. Markdown, tsarin rubutun da ake amfani da shi a GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu, a wuni ɗaya 'yarki za ta koye shi. Kuma ki sani, tsohuwar ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, STC, wadda ta faro tun 1953, ta rufe a farkon 2025. Masu ɗaukar aiki kuwa, samfurin rubutu suke nema su gani, ba satifiket ba.

Ga abin da 'yarki za ta yi. Ta ɗauki na'urar POS ta maƙwabci, ta rubuta yadda ake mayar da kuɗin da aka cire bai fita ba, mataki-mataki, da Hausa da Turanci. Ta miƙa wa wanda bai taɓa riƙe na'urar ba, ta tsaya ta yi shiru tana kallo. Duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya, nan ne gyara. Ta tara irin wannan guda uku. In daga baya ta ga kwas mai malami sananne da zai duba aikinta layi-layi, sai a yi maganar kuɗi.

Tambaya: Me zai hana in sa ChatGPT ya rubuta, ni in karɓi albashi? (Daga Kaduna)

Amsa: Malam, haba. In ya rubuta a haɗa jar waya inda baƙa ya kamata, batirin sola ya ƙone, kai za a nema. Ka yi amfani da shi wajen gyaran jimla in ka so, amma kowane mataki sai ka gwada da hannunka kafin ka sa sunanka a kai.