Fatawa: Banɗaki A Ƙasan Bene Ko Ɗakin Wanki, Wanne Za A Gabatar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gidana bene ne, banɗakuna duk suna sama. A ƙasa akwai wani ɗan fili da ba zai ɗauki abu biyu ba. Maiɗakina tana son a yi ɗakin wanki, inda za a sa inji da kayan guga, ni kuma ina son banɗaki saboda baƙi da mahaifiyata da ke zaune tare da mu, ga ta da ciwon gwiwa. Wanne shari'a ta fi so?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Tsarin gini al'amari ne na rayuwar duniya, asalinsa halas ne, duk wanda ka zaɓa ba ka yi zunubi ba. Sai dai idan maslaha biyu suka haɗu a wuri ɗaya, malaman usulu, wato masana ƙa'idojin fiƙihu, suna gabatar da wadda buƙatarta ta fi tsanani. A halin da ka bayyana, banɗaki ne a gaba.

Babban dalili mahaifiyarka ce. Allah Ya haɗa kyautata wa iyaye da tauhidi a Suratul Isra'i, aya ta 23, kuma Ya ambaci lokacin tsufansu a wurinka. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da sai ta hau matakala kafin ta kama ruwa, ɗayan biyu ne: ko ta riƙa matse fitsari, ko ta rage shan ruwa don kada ya matsa mata, kuma duka cutarwa ne. Ga sallah biyar, kowacce da alwalarta. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ya ce babu sallah alhali abinci yana gaban mutum, ko fitsari da bayan gida suna matsa masa. Yawancin tsofaffi ba za su buɗe baki su faɗa ba, kunya ce ke hana su, kai ne za ka lura.

Akwai abin lura a zaman Annabi (SAW) a gidan Abu Ayyub al-Ansari lokacin da ya isa Madina. Gidan mai hawa biyu ne. Abu Ayyub ya ji nauyin kwana a saman Manzon Allah, ya roƙe shi ya koma sama, sai ya amsa masa cewa ƙasa ta fi sauƙi. Sauƙin masu shige da fice abu ne da shari'a take dubawa. Baƙon da zai bi ta ƙofar ɗakunan kwana kafin ya kai banɗaki ya shiga sirrin iyalinka, wanda ayoyin neman izini a Suratun Nur suka zo su kare.

Kada kuma ka ɗauki maganar maiɗakinka da wasa. Ita ke ɗawainiyar wankin nan, buƙatarta ta gaskiya ce. Bambancin shi ne inji yana da inda za a kai shi, kamar gefen kicin ko ƙarƙashin matakala. Idan filin ya isa, babu laifi a sa shi cikin banɗakin, matuƙar najasa ba ta fantsama a kan tufafi. Ku yi shawara da ita kafin magini ya fara. Da a ce babu tsoho ko mara lafiya a gidan, baƙi kuma jefi-jefi ne, da na ce a bi ra'ayinta.

Idan za a kafa masai, a kauce wa alƙibla. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ayyub hanin fuskantarta ko ba ta baya yayin biyan buƙata. Malik da Shafi'i sun sauƙaƙa a cikin gini, saboda Ibn Umar ya hango Annabi (SAW) daga saman ɗakin Hafsa yana fuskantar Sham, ya ba Ka'aba baya. Abu Hanifa ya hana ko'ina. Tunda ba a fara aikin ba, ka gaya wa mai haɗa famfo ya karkatar da shi, ka fita daga saɓani. A sa wa Hajiya ƙarfen dafawa a bango, daɓen kuma kada ya zama mai santsi.

Wallahu a'alam.