Shawarwari ga Manoma: Inda Za Ka Ajiye Lissafin Taki a Kwamfuta

Wani matashi da ke riƙe wa ƙungiyar manoman masara a Shika littafin lissafi ya aiko da tambaya: "Malam, ina da 'yar kwamfuta mai Linux. Bara na tsara gajerun umarni da nake bugawa su fitar min da adadin buhunan takin kowane mamba. Damina ta kawo kai, na neme su sama ko ƙasa. Yaya zan riƙa adana su?"

Ɗana, kafin komai danna Ctrl da R a baƙin allon da kake buga umarni (terminal), ka buga wata kalma da ka tuna. Wataƙila umarnin yana nan cikin tarihin abin da ka taɓa bugawa, sai dai tarihin yana da iyaka, sababbi kan ture tsofaffi.

Don gaba, akwai wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna pet, ana samunta a GitHub, shafin intanet da ake ajiye manhajoji. Aikinta ɗaya ne: rumbun gajerun umarni. Ka buga `pet new`, ta nemi umarnin da bayaninsa. Ran da ka buƙata, `pet search` za ta lalubo maka shi, `pet exec` kuma ta aiwatar. Tana buƙatar wata ƙaramar manhajar, fzf ko peco, don binciken, saboda haka ka saka ɗaya daga ciki.

Ga misali daga gonar masara. Shawarar da aka saba bayarwa a yankinmu ita ce kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfet da 60 na fotash a hekta ɗaya. Buhu 8 masu kilo 50 na NPK 15:15:15 za su ba ka 60 na kowanne. Ragowar kilo 60 na naitirojin daga yuriya zai fito, wadda ƙarfinta kashi 46 cikin 100 ne, wato kusan kilo 130 na yuriya a hekta. Sai ka ajiye wannan:

`echo "scale=1; <hekta> * 130 / 50" | bc`

Duk lokacin da ka kira shi, pet za ta tambaye ka hekta nawa, ka cika, amsa ta fito a buhuna.

Wurin bayanin ne nake so ka yi hankali. Kada ka rubuta "taki" kawai. Rubuta "yuriya, masara, zubi na biyu, a hekta", ka ƙara da inda ka samo adadin, ko daga takardar cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru ko ta cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS. Na taɓa ganin wanda ya ɗauki lissafin hekta ya zuba wa eka. Eka ba ta kai rabin hekta ba, kusan 0.4 ce, ya ninka takin fiye da sau biyu, kuɗin mutane suka tafi a banza. Kwamfuta ba ta san gonar ba. Abin da ka ba ta shi take ninkawa. A auna gona tukuna, a daina cewa "ai za ta kai hekta biyu".

Wata baiwar Allah mai noman waken suya a Giwa ta tambaya ko waya za ta iya. Za ta iya, in Android ce, ta manhajar Termux, amma bugawa a ƙaramin allo akwai wahala, Hajiya. In gona ɗaya ce ko biyu, littafi da biro sun wadatar. Wannan dabarar ta mai lissafa wa mutum talatin ko hamsin ce.

Sai mai tambayar abin da zai faru in kwamfutar ta lalace. Duk umarnin suna cikin fayil ɗaya, snippet.toml. Da `pet sync` za ka iya tura shi Gist, ma'ajiyar gajerun rubutu ta GitHub a intanet. In sabis na yi maka gardama a ƙauye, kwafe fayil ɗin a filash, ka kuma buga shi a takarda ka ba shugaban ƙungiya ya ajiye tare da rasit ɗin taki.