Bayan Golf ɗina ya ƙwace a kwana, aksul ne ya lalace ko diriftin na yi?

Tambaya: Salamu alaikum oga, barka da aiki. Ni matashi ne daga wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, ina jan Golf 3 ta yayana, ranar Alhamis nakan kai fasinja da kaya kasuwar Maigatari. Makon jiya ina dawowa ni kaɗai ba kaya, a kan burji, na shiga wata kwana da ɗan gudu sai ga amalanke a gabana, na ɗage ƙafa daga totur da sauri, ko birki ban taka ba, kawai sai na ji bayan motar ya wurgo gefe, ta yi rabin katantanwa ta tsaya tana kallon inda na fito. Abokaina sun ce ai diriftin na yi irin na TikTok, har suna cewa in yi musu a bikin abokinmu. Ni kuma tsoro nake ji ko aksul ɗin baya ne ya lalace. Dan Allah a yi min bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da arziki, Allah ya ƙara kiyayewa. Abin da ya same ka ba diriftin ba ne, wato wasan nan na zamar da bayan mota da gangan a kwana, kuma ba lallai aksul ɗin ya lalace ba, duk da akwai abubuwan da zan so ka duba a wajen. Ƙafarka ta dama ce ta juya motar, kuma ka faɗi amsar da bakinka da ka ce ka ɗage ƙafa da sauri kana tsakiyar kwana.

Ka ga ita Golf da ire-irenta, su Starlet da Opel Astra da Peugeot 206, inji da giyabos da dirabshaf duk a gaba suke, tayoyin gaba su ke ja, su ke shan kwana, su ke ɗaukar yawancin aikin birki. Idan motar ba kaya kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta yana kan gaba, na baya biyo sahu kawai suke yi. To taya kuma ba ta riƙe ƙasa sai da nauyi a kanta, kuma wajen da ke taɓa ƙasan ma bai wuce tafin hannunka ba. Duk lokacin da mota ta rage gudu nauyi gaba yake tafiya, shi ya sa za ka ga fasinja sun yi goho in an taka birki, kuma ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya musamman a giya ta biyu ko ta uku shi ma birki ne, inji ne ke riƙe tayoyin gaba. Sai gaba ya duƙa ya ƙara cizon ƙasa ya shige kwanar sosai, baya kuma ya yi sakayau a daidai lokacin da ake buƙatar ya riƙe, ga burji da tsakuwa a sama kamar an watsa gero a kan siminti. Me ya rage? Baya ya wuce gaba. Kuma ka riƙe wannan lissafin: ƙarfin da ke tura mota waje a kwana ba ninki biyu yake yi ba in ka ninka gudu, ninki huɗu yake yi, kwanar da ka sha lafiya a 40 in ka shige ta a 80 tayoyin nan aikin huɗu ka ɗora musu.

Yanzu ka shiga ƙarƙashin motar a kan rami ka kalli bayan da kyau. Za ka ga hannaye biyu sun taso daga jikin bodi sun miƙe baya, kowanne da tayarsa, sai wani dogon ƙarfe ya haɗa su a kwance. Ka sa hannu ka shafa ƙarfen nan za ka ji ba bututu rufaffe ba ne, buɗe yake ta gefe ɗaya kamar kwalbati, kuma da gangan aka yi shi haka don ya riƙa murɗawa, in taya ɗaya ta faɗa rami sai ya murɗe ya bar ɗayar ta zauna. Tun Golf ta farko a 1974 Volkswagen ke amfani da wannan tsarin, har Golf 2 da Golf 3 da Golf 4, sai a Golf 5 ta 2003 suka koma mai hannaye da yawa da kowace taya ke cin gashin kanta. Ni ina son aksul ɗin nan wallahi, ba tarkace, ba tsada, yana barin but da faɗi, kuma yana jure wahalar hanyoyinmu. Amma yana da hali guda. Shi ƙarfen yana aiki ne kamar mai hana mota kwanciya, in ta karkata a kwana sai ya janyo tayar baya ta ciki sama, har in an matsa za ka ga Golf tana tafiya da ƙafa uku, ta ɗage ɗaya kamar kare. A lokacin taya ɗaya tal ke riƙe da duk bayan motar. In tayar nan sanƙo ce, ko shokazoba ɗinta ya mutu, ko aka ƙara ɗauke mata nauyi da sakin totur, to ba ta da abin yi sai zamewa.

Shi ya sa nake cewa ka fara da taya kafin ka taɓa komai. Al'adar direbobinmu ita ce in an sayi sabbin taya biyu a sa a gaba, tsofaffin a mayar baya, wai ai gaba ke ja. Kamfanonin taya irin su Michelin akasin haka suke cewa, masu kyau a baya, kuma ni ma da su nake, saboda in gaba ya zame kana ji a sitiyari, ka rage gudu kaɗan sai ya kama, amma in baya ya zame kafin ka ankara ka juya. Ka duba zanen tayar, in zurfinsa ya kusa milimita 1.6 ta gama aiki. Ka duba lambobi huɗu da ke gefenta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2315 to a mako na 23 na 2015 aka yi ta, kuma tayar tokumbo da ta tsufa robarta ta bushe ko zanen na da kyau ba ta kama ƙasa. Sai iska. Na san yadda ake yi ranar kasuwa, za a ɗora buhunan gero ko riɗi sai a ce wa falkanaiza ya ɗura 45 ko 50 a baya, a sauke kaya a manta, a dawo da mota fanko da tayoyi kamar dutse suna tsalle a kan gargada. Ka nemi takardar da kamfani ya liƙa, ko a murfin tankin mai ko a jikin ƙofa, akwai gejin mota ba kaya da na cikakken lodi, na ba kayan bai cika wuce 30 da ɗan abu ba. Ina kyautata zaton wannan yana cikin abin da ya same ka ranar.

Na biyu shokazoba. Ka danna kusurwar baya da ƙarfinka ka saki, mai lafiya zai taso ya tsaya, in ta ci gaba da lilo ya mutu, ka kuma duba ko mai na tsiyaya a jikinsa, ko tayar ta ci a wuri-wuri kamar an sassaƙe ta. In za ka canza, biyun za ka canza tare.

Na uku bushin, manyan robobin nan biyu da aksul ya maƙale da su a jikin bodi. Su ne ke riƙe shi a saiti. In suka fashe sai duk aksul ɗin ya riƙa motsi a kwana, bayan motar ya zama kamar yana da sitiyarinsa daban, direba ya ce yana jin motar tana yawo ko tana iyo. A ɗaga ta a jak a sa ƙarfe a ɓanɓara a gani, a kuma girgiza tayar a ji ko boris ya yi sako-sako. Shi ƙarfen aksul ɗin kansa yana lanƙwashewa in an daki rami da lodi, alamarsa taya ɗaya ta riƙa ci ta gefe guda, ko wanda ke bin ka a baya ya ce motarka na tafiya a karkace. Irin wannan aksul ba shi da wajen saiti kamar gaba, kuma ban yarda a gasa shi da wuta a miƙe ko a yi masa walda a toshe buɗaɗɗen gefen nan ba wai don ya yi ƙarfi, an kashe murɗawar da aka yi shi dominta ke nan, gara a nemi wani.

Akwai abu na huɗu da mutane ba su cika sani ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Yawancin tsofaffin Golf marasa ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki, suna da wani ɗan bawul a ƙasa kusa da aksul, da ƙaramin sifirin da ya haɗa su, aikinsa ya auna yadda baya ya zauna, in da lodi ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ba kaya ya rage. An taɓa kawo min wata Golf daga wajen Ringim, mai ita ya ce duk sanda ya taka birki da ƙarfi ba fasinja sai ta juya masa, an canza masa taya an canza shok abin bai bari ba. Da na leƙa sai na ga wani ya cire bawul ɗin gaba ɗaya don yana yoyo, ya haɗa fayif kai tsaye, tayoyin baya suna kullewa kafin na gaba. Mota da ke ɗaukar mata da yara zuwa kasuwa. Haka su ma masu cusa roba a cikin sifirin ko sa sifirin na babbar mota don baya ya ɗagu ya ɗauki lodi, na gane neman abinci ne, amma in mota ta dawo fanko bayan ya yi tauri ya fi saurin zamewa, kuma bawul ɗin nan ya rikice, da lodi ma yana ganin kamar ba kaya.

Masu 206 su kuma nasu daban ne, ba sifirin mai naɗi a bayansu, sandunan ƙarfe ne a kwance masu murɗawa, kuma boris ɗin cikin hannayen yana mutuwa, in ka tsaya a bayanta ka ga saman tayoyin ya karkata ciki to lokacin gyara ya yi.

To maganar diriftin. Wasan nan a Japan ya yi suna, a hanyoyin kan duwatsu, kuma wanda aka fi sani da shi Keiichi Tsuchiya da Toyota Corolla AE86 ya shahara, wadda aka yi daga 1983 zuwa 1987, ita kuwa da tayoyin baya take ja. Asirin ke nan. A mota mai ja da baya direba na ba ta wuta tayoyin baya su yi ta juyawa suna zamewa, da totur yake riƙe zamewar, sitiyari kuma na gaba yana saita hanya, sai ya ɗauki doguwar kwana a karkace yana sane da abin da yake yi. A Golf ɗinka ba abin da ke tura tayoyin baya. Za ka iya sa baya ya ƙwace, da birkin hannu ko da sakin totur kamar yadda ya faru da kai, amma kana ba ta wuta gaba zai ja ta ta miƙe, in ba ka ba ta ba kuma gudu ya mutu ko ta yi katantanwa. Wurgi ne na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba abin da ake riƙewa ba ne. Waɗanda kake gani a waya a filin da aka killace suke yi, da hular kwano da ƙarafan kariya a cikin motar, ba kowa a kusa. Mu kuma wasan mota a biki a filin makaranta ko bakin kasuwa ake yi, yara sun yi da'ira, ƙura ta turnuƙe ba ka ganin gabanka, ga rairayin Jigawa da in mota ta tafi a gicciye tayar waje ke nutsewa a ciki, daga nan sai adungure. Na je gaisuwar yaron da irin wannan wasan ya kashe, ɗan kallo ne kawai, ko shekara goma bai kai ba. Ka ce wa abokanka a'a, kuma motar ma amanar yayanka ce.

Abin da za ka koya shi ne yadda za ka yi in ya sake faruwa ba ka so ba. Ka gama rage gudu tun motar na miƙe kafin kwana, ka shiga da ƙafarka a kan totur kaɗan ba ƙari ba ragi, in dole ka saki to a hankali. In ka ji baya ya fara tafiya, kar ka danne birki, kar ka taka kuloci, ka kalli inda kake so ka bi ba abin da kake tsoro ba, ka mayar da sitiyari ɓangaren da bayan ya nufa, ka ɗan ba ta wuta kaɗan in gabanka a buɗe yake, nauyi zai koma baya gaba kuma ya ja ta. Kana jin ta kama ka yi maza ka miƙe sitiyarin, in ka makara za ta wurga ɗaya gefen, kuma na biyun ya fi na farko zafi. Sabbin motoci suna da na'urar da ke yin wannan gyaran da kanta, tana taɓa birkin taya ɗaya-ɗaya, a Turai an wajabta ta a duk sabuwar mota tun 2014, amma Golf 3 ba ta da ita.

Kafin Alhamis mai zuwa ka kai ta gareji mai rami a Gumel, ka tsaya da kanka a duba maka bushin da shok da bawul ɗin birkin nan kana gani, ka mayar da tayoyi masu kyau baya, ka kuma sayi ɗan gejin iska ka ajiye a mota, kana sauke kaya a Maigatari ka rage iskar kafin ka kama hanyar gida. In kun ga wani abu a ƙarƙashin da ba ku gane ba ka ɗauki hotonsa ka turo min.