Ruwan na kowa ne, amma gaɓa tana da mai ita

Tambaya: Barista, ina tuƙa kwalekwale a kogin Neja wajen Yawuri. Na ɗaure jirgina a gefen wani lambun albasa, sai mai lambun ya ƙwace mini filafili, ya ce ruwan da ke gaban gonarsa nasa ne. Haka doka ta ce?

Amsa: Malam, ba haka ba ne. Kogin Neja hanyar ruwa ce ta tarayya, tana hannun NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, da aka kafa a 1997, mai hedkwata a Lakwaja. Sashe na 2 na Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ya yarje wa kowa amfani da ruwa don su da zirga-zirgar jirgi. Muddin kana kan ruwa, ba shi da ikon tare ka, kuma gitta igiya ko shinge a kogin ba da izinin hukumar ba laifi ne.

Inda masunta ke faɗawa matsala shi ne saukowa. Da ruwa ya janye, fadamar da ka bi da jirgi a damina ta koma gonar wani. Za ka ji ana cewa mita 100 daga bakin kogi na gwamnati ne. Wannan hurumi na NIWA ne, ba izini ba ne gare ka ka kafa turke a kan kunyar albasa.

Kutse, wato shiga filin wani ba da izini ba, iri biyu ne. Na laifi, a sashe na 342 na tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa, sai an tabbatar ka shiga da niyyar aikata laifi, ko tsoratarwa, ko cin mutunci, ko muzgunawa. Amma ka kula, in aka ce ka fita ka ƙi tafiya, ka buɗe wannan ƙofar da kanka. Na neman diyya kuwa ba ya buƙatar mugun nufi, taka ƙasar kawai ya isa. In iska ko ɓulewar jirgi ce ta tilasta maka tsayawa, larura hujja ce mai ƙarfi.

Kada ka je karɓo filafilin da ƙarfi, nan ƙarar za ta juye kanka. Ɗauki hoton inda ka ɗaure jirgin da sawun ruwa a gaɓa, ka nemi shaidu biyu, ka kai magana gun Sarkin Ruwa ko mai unguwa. In ka tattaka shuka, ka biya. In ya ƙi mayar maka da kayanka bayan ka nema a gaban shaidu, sai kotun majistare.