Me Ya Sa Sinadaran Rukuni Ɗaya Suke Kama da Juna?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa sinadaran da suke jere daga sama zuwa ƙasa a jadawalin sinadarai halinsu ɗaya ne. Yaya sodiyam da fotasiyam za su yi hali ɗaya alhali nauyinsu ya bambanta, kuma me ya sa fotasiyam ya fi zafi idan aka jefa shi cikin ruwa?

Amsa: Ɗan'uwa, kowane sinadari an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, wato ƙwayoyinsa mafi ƙanƙanta, kuma kowace ƙwaya tana da ilektiron, wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da suke kewaye tsakiyarta zobe-zobe. Abin da yake tsara halin sinadari shi ne yawan ilektiron da suke cikin zobensa na waje, domin da su ne ƙwayar zarra take mu'amala da wata. Sodiyam yana da ilektiron 11, an jera su 2, 8, 1, shi kuwa fotasiyam yana da 19, an jera su 2, 8, 8, 1. Ka lura cewa kowannensu ya ƙare da ilektiron guda ɗaya tilo, wanda yake saurin rabuwa da shi, kuma wannan ne ya haɗa su a rukuni na 1 cikin rukunai 18 na jadawalin, wato jerin da suke sauka daga sama zuwa ƙasa. Dukansu ƙarafa ne masu taushi da wuƙa za ta iya yankawa, inda aka yanka ya yi ƙyalli na ɗan lokaci sannan ya dusashe da taɓawar iska, shi ya sa ake ajiye su a nutse cikin mai.

Sai dai cewa halinsu ɗaya ne ya yi yawa, kama ce irin ta 'yan gida ɗaya. Idan aka saka ɗan gutsuren sodiyam a ruwa, zai narke ya zama ɗan dunƙule yana yawo a saman ruwan yana huci, amma fotasiyam nan take zai kama da wuta mai launin shunayya. Dalili shi ne, duk lokacin da aka gangara ƙasa a rukunin, ana ƙara zobe ɗaya, ilektiron na waje yana ƙara nisa da tsakiyar ƙwayar, riƙon da ake yi masa yana sassautawa, saboda haka sakinsa ya fi sauƙi.

Abin da na fi so ɗalibi ya kama shi ne yadda wannan dalili yake juya lamarin a rukuni na 17. Su fulorin da kulorin da buromin da aidin suna da ilektiron 7 a waje, ɗaya suke nema su cika 8, kuma ƙaramar ƙwaya ta fi iya fizgo shi, don haka fulorin da ke sama ya fi kowa zafin haɗuwa da wasu sinadarai, aidin kuwa ya fi su sanyin haɗuwa. Idan sodiyam mai neman bayarwa ya gamu da kulorin mai neman karɓa, sai a sami gishiri. 'Yan rukuni na 18, irin su niyon da agon, zobensu a cike yake, da wuya su haɗu da wani abu.

Mendeleev, masanin da ya ƙirƙiro jadawalin sinadarai, bai san tsarin ilektiron ba a 1869 da ya tsara jadawalinsa, kamanni kawai ya bi, amma ya bar gurbi a ƙarƙashin silikon ya kuma faɗi siffofin abin da zai cike shi, sai ga jamaniyam an gano a 1886. A yi hattara da haidurojin dai, domin ko da yake an ɗora shi a saman rukuni na 1 saboda ilektiron ɗinsa guda, iska ce ba ƙarfe ba.