Firiza ta daina sanyi, mai shago ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar zoɓo da kunun aya a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Da kuɗin adashina na sayi sabuwar firiza a kwalinta. Sati biyar kacal ta yi ta daina sanyi, inji na ta kuka amma ruwa ba ya ƙanƙara. Da na koma shagon, yaron mai shago ya nuna mini ƙasan rasit inda aka buga cewa ba a mayar da kuɗi. Maigidana ya ce in kira mai gyara a wuce wurin. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Ki ba maigida haƙuri, kada a kira mai gyara tukuna. Da zarar wani ya kwance bayan firizar nan, ya yanke bututun gas ko ya taɓa kwamfireso, wato injin da ke sa ta sanyi, kin ba mai shago abin faɗa: "ai ku kuka lalata ta." Takardar garanti ma yawanci tana faɗuwa ne daga ranar da wani makanike na waje ya sa hannu.

Wannan rubutu na ƙasan rasit kuwa, kada ya razana ki. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, a madadin tsohuwar hukumar CPC. Dokar ta ce idan kaya ya zo da aibi, ko ya kasa yin aikin da aka saye shi dominsa, mai saye na iya mayar da shi cikin wata uku daga ranar da ya karɓa, ba tare da an ci shi tara ba, kuma kuɗin ɗaukar kayan a wuyan mai sayarwa yake. Shi kuma dole ya yi ɗaya cikin uku: ya gyara, ya canza da wani, ko ya mayar da kuɗi. Abin da ɗan kasuwa ya buga a rasit ɗinsa ba ya soke dokar ƙasa. Ke kina sati na biyar, amma kwana ba ya jira. Irin "ki dawo jibi, Alhaji ya je Kano" ɗin nan da shi ake cinye wa mutum wata ukunsa.

Ni kaina na taɓa sayen fanka ta tsaye da ta fara wari kamar roba na ƙonewa a dare na uku. Na yi ta zirga-zirga wajen yaran shago har takalmina ya gaji. Ranar da na samu mai shagon da kansa bayan la'asar, na ajiye masa rasit da kwalin a gabansa, ko minti goma ba a yi ba aka fito mini da wata. Yaro ba shi da ikon mayar da ko sisi, don haka kada ki ɓata yawunki a kansa.

Ki ɗauki bidiyo da waya: firiza a jone, fitilarta a kunne, ledar ruwa a ciki yadda aka sa ta tun jiya. Ki ɗauki hoton lambar da ke manne a bayanta. Sannan ku je ke da maigida, da rasit da katin garanti, ku nemi Alhajin. Ki faɗi abin da kike so a fili, canji ko kuɗi, ki sa rana. Bayan kun rabu ki tura masa saƙon WhatsApp da ke maimaita abin da aka yi, don ya zama shaida. Zai iya cewa wuta ce ta ƙone ta, kuma gaskiya ƙarancin wuta na kashe kwamfireso. Idan kina da sitabilaiza, ki faɗa, ki nemi makaniken kamfanin ya duba a gabanki.

Idan ya ƙi, shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa sun fi saurin kashe irin wannan wuta, domin ba ɗan kasuwar da ke son a kira sunansa a gaban abokan sana'a. Ki tuna masa kuma cewa a fiƙihunmu na Malikiyya mai saye na da zaɓin mayar da kaya saboda aibin da bai sani ba lokacin ciniki. In duk bai yi ba, sai ki kai ƙorafi FCCPC ta shafinsu na intanet, ki haɗa hotunan rasit da saƙonnin. Kotu na nan, amma ita ce ta ƙarshe, don kuɗin zirga-zirga na iya kusan kai kuɗin firizar.

Tambaya: Malam, daga Daura nake. Zan saya wa ƙanwata firji cikin kayan ɗaki. Sabo ko ɗan Beljiyam?

Amsa: Ɗan'uwa, kayan amarya ne, in da hali ka sayi sabo mai garanti a rubuce, da hatimin shago da kwanan wata. Ɗan Beljiyam akan dace da mai ƙarko, amma tsoho ne ka saya da saninka, kuma garantinsa sau da yawa na baki ne, na 'yan kwanaki. In shi aljihu ya kai, ka sa a jona shi a shagon ka zauna har ka ga raɓa ta kama bangon ciki, kuma a rubuta kwanakin gwaji a rasit. Abu guda da ake mantawa: kada ka saya wata biyu kafin biki a ajiye a kwali, lokacin mayarwa na tafiya alhali ba a ko kunna shi ba. Idan aka kawo shi a kwance cikin a-kori-kura, a bar shi tsaye wasu awoyi kafin a jona, man kwamfireso ya koma mazauninsa.