Shin maganar zubar da ciki ce ke yanke zaɓe a Amurka?

Malam, ka tambaya ko rigimar zubar da ciki ce ke ba jam'iyya nasara a Amurka. Tana tasiri, amma ba yadda ake zuzutawa ba.

A Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 1973 da ya ba mata wannan haƙƙi a faɗin ƙasar, ta mayar da magana hannun jihohi. A watan Agustan shekarar, mutanen Kansas, jihar da 'yan jam'iyyar Republican mai adawa da zubar da ciki suka fi rinjaye, suka ƙi amincewa a cire kariyar wannan haƙƙi daga tsarin mulkin jiharsu. Ohio ma ta amince da kariyar a 2023.

Inda mutane ke kuskure shi ne ɗaukar ƙuri'ar raba gardama tamkar ta ɗan takara. A 2024 Arizona da Missouri sun goyi bayan haƙƙin, kuma duk da haka Trump na Republican suka zaɓa shugaban ƙasa, don tsadar rayuwa ta fi damun mutane da yawa. A Florida kuwa kashi 57 suka amince, amma doka na buƙatar 60, sai shirin ya faɗi.

In kana da 'yar'uwa mai juna biyu a can, ta tambayi likitarta ko lauya dokar jiharta, domin Texas daban, California daban.